To, shina tashi?

Kun dai san wata huɗu na yi ina fama da jirgin nan, har uwargida ta sa masa suna Amarya. Jirgin yaƙi ne, Mirage 2000. Na gasken tsawonsa mita 14 da ɗoriya, ni na rage shi sau 24, ya dawo santimita 60. Gangar jiki gwangwanin madara, fukafukai kwali ninki uku da na manne da sitaci, gilashin matuƙi daga robar lemo, tayoyi daga tsohon silifa. Fenti kaɗai jikka uku ya ci mini a babbar kasuwa.

Ran Asabar aka ce Alhajin nan na unguwar Ali Ɗan Sofo a nan Maradi yana son gani, ƙila ya saya ya ajiye a falo. Na hau kabu-kabu na rungume jirgi kamar jariri ran suna.

Na iske ƙofar gida cike, ana shan shayi bisa tabarmi. Na durƙusa na yi gaisuwa, na yaye zanen da na lulluɓe shi. Kowa ya yi tsit. Ni kuwa na ɗauka mamaki ne ya kama su, sai na saki baki: injinsa ɗaya tak, gudunsa ya ninka na sauti sau biyu, wannan ƙahon da ke gaban matuƙi ta nan yake shan mai a sama ba sai ya sauka ba. Alhaji ya kurɓi shayi, ya ajiye kofi a hankali.

"To, ɗana, shina tashi?"

Na ce, "Allah ya ja da ran Alhaji, na kallo ne."

"Wata huɗu, kuma bai tashi?"

A nan mutuminku mai jar hula ya tsoma baki. Wai ai ban ma gama ba, na manta ƙananan fukafukan wutsiya. Na ce Mirage ba shi da su, fiffike ɗaya ne mai kusurwa uku kowane gefe, shi ke yin aikin duka. Sukhoi 25, irin guda biyun da Nijar ta saya, shi ke da su. Ya ce kada in gaya masa, shi da idonsa ya ga jirage a Yamai. Jama'a, zuwansa Yamai sau ɗaya ne, rakiyar alhazai, kuma bakin ƙofar filin jirgi aka bar shi yana tsaron jakunkuna. Mutumin da tun bikin Maradi Kwalliya na 2015 nake binsa jikka biyu da rabi kuɗin gyaran rediyo! Duk sanda muka haɗu sai wayarsa ta yi ƙara, wayar da ni da ku mun san ba ta da caji. Shi ne yau gwanin jiragen yaƙi.

Bai tsaya nan ba. Ya karkata hula ya ce, "Wai ma na wace ƙasa ne?"

Na ce Faransa, murya ƙasa-ƙasa. Da na sani da na ce na Indiya ko na Masar, don su ma suna da shi.

"La ilaha illallahu! Mun sallame su ta Yamai, kai ka maido su ta Maradi bisa kabu-kabu!"

Wayyo. Alhaji ya ƙware da shayi har ana buga masa baya. Mai shayin ya ajiye buta ya riƙe ciki. Wani tsoho da tun zuwana yake gyangyaɗi ya farka ya tambayi abin da aka ce, aka maimaita masa, aka sake sabon lale. Ni ina durƙushe da zane a hannu, ina murmushin da ya fi kuka ciwo, ina ta faɗin "Indiya, Masar, Girka" ba mai ji na.

Ashe cikin wannan hayaniya autan Alhaji ya sunkuci jirgin ya haye bene. Sai ji muka yi daga sama: "Baba, duba!"

Ya tashi, wallahi ya tashi, kamar taku uku. Sai dai ƙusoshi goma na cusa masa a hanci don kada ya zauna bisa wutsiya in an ajiye shi. Hancin ya tuna da nauyinsa, ya nufi garken awaki kai tsaye. Kafin in tsallake tabarmi wata jar akuya ta ji ƙanshin sitaci, ta fara da fiffiken dama, tana taunawa tana kallona cikin ido.

Mai jar hula ya ce, "Ka gani? Da ka sa masa na wutsiyar da bai faɗi ba."

Alhaji ya ba ni jikka ɗaya kuɗin moto, ya ce Allah ya yi albarka, in na yi mai tashi in dawo. Ɗan kabu-kabun da ya kawo ni shi ya maida ni. Ya dubi ledar da ke hannuna ya ce, "An saya ke nan?" Na ce ja mu tafi.

Hancin yana nan bisa firji, bai ko lotsa ba. Mai gwangwanin madara babba ya ajiye mini.