Nasiha ga masu keke, da masu sayen keken araha a bayan layi

Assalamu alaikum 'yan uwana matasa, musamman ku da kuke yawo a cikin Kano a kan keke, ɗalibai da yaran kasuwa da masu koyon sana'a. Maganar nan ta daɗe tana cina a rai, amma abinda ya faru a layinmu juma'ar da ta wuce shi ya sa nace bazan ƙara yin shiru ba.

Ɗan maƙocinmu ne, yaro mai hankali, yana koyon ɗinki a wajen Ƙofar Wambai. Wata takwas yana tara ɗan abinda maigidansa yake bashi, har adashe ya shiga, wani lokacin ma kuɗin abincin rana yake haƙura da shi, har Allah ya sa ya sayi keke shuɗi ɗan Kwatano mai giya. Sati uku kacal ya hau. Ranar juma'a yaje masallaci a makare liman ya kusa saukowa daga mumbari, sai ya jingine keken a jikin bango ya zagaya ƴar wayar nan mai lamba a tayar baya ya ruga ya shiga sahu. Raka'a biyu fa kawai akayi, yana fitowa yaga wayam. Da yamma na same shi zaune a dakalin ƙofar gidansu ya haɗa kai da gwiwa, nace masa ina lambar firam ɗin keken mu kai caji ofis, sai ya ɗago yana kallona, ashe bai ma san keke yana da lamba ba. Nace to rasit fa? Babu. Hoto? Guda ɗaya ne, shima daga nesa aka ɗauka. Wallahi jikina yayi sanyi, don ko yau muka ga keken a hannun wani bamu da hujjar da zamu ce nashi ne.

Ku fahimci wani abu, keke yanzu ba abin wasan yara bane kamar da. Tun ranar 29 ga Mayu 2023 da shugaban ƙasa Tinubu yace an cire tallafin mai, litar fetur da muke saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin ƴan kwanaki, kafin 2024 ta ƙare ta wuce 1,000. Kuɗin adaidaita sahu ya bi bayanta, acaɓa kuma dama an hana ta a cikin birni tun watan Janairun 2013. Shi yasa zaka ga magidanci da babur ɗinsa a soro ya ajiye ya koma keke, malamin makaranta, ma'aikaci, kowa. To duk abinda mutane suka koma nema kuɗinsa zai tashi, kuma ɓarawo ya fi kowa sanin farashin kasuwa.

Iyayenmu sun fi mu sanin darajar abin nan. Wanda ya tashi a gidan da akwai Raleigh ko Phoenix ya san yadda baba yake goge shi da tsumma kullum da safe, da dare kuma har cikin ɗaki ake shigar da shi, yaro bai isa ya taɓa ko ƙararrawa ba. Har lasin keke suke yanka, kuma in ka duba kundin tsarin mulki na 1999 har yanzu bada lasin keke yana cikin ayyukan ƙaramar hukuma, mu dai bamu taso mun ga ana yi ba. Abinda nake so ku gane shine a da akwai takarda da take haɗa keke da mai shi, yanzu kuwa in baka haɗa wa kanka shaida ba babu mai haɗa maka.

To ɗan uwa, yau ɗin nan kafin ka kwanta ka kifa kekenka ƙafafu sama, ka duba ƙarƙashin wajen da feda take juyawa, mafi yawan kekuna a nan ake buga lambar a jikin ƙarfe, in baka gani ba ka duba ƙarƙashin sirdi ko gaba wajen wuyan keken. Ka goge dattin, ka ɗauki hoton lambar da wayarka, ka ɗauki hoton keken gefe da gefe, duk wani tabo ko walda ko lanƙwasa da yake jiki ka ɗauka, sannan ka tsaya a jikinsa a ɗauke ku tare. Kar ka bar hotunan a wayar kawai don ita ma ana sace ta, tura wa yayanka ko abokinka a WhatsApp, lambar kuma ka rubuta ta a littafi a gida. Akwai wata dabara da wani dattijo mai gyaran keke ya koya min: ka rubuta sunanka da lambar wayarka a ƴar takarda, ka naɗe a leda, ka zare sirdi ka jefa ta cikin bututun ƙarfen ka mayar. Ɓarawo zai canza fenti, zai canza sirdi da taya, amma da wuya ya leƙa can ciki, ranar da aka zo gardama gaban mai unguwa ko ƴan sanda sai kace a zare sirdi a kifa keken.

Sai maganar makulli, kuma nan ne yawancinmu muke yaudarar kanmu. Wannan makullin da yake zuwa a jikin keke mai kama tayar baya, aikinsa kawai ya hana taya juyawa, bai hana a ɗaga keken ba. Mutum zai ɗan ɗaga bayan ya tura shi a kan tayar gaba kamar mai neman wajen faci, ko ya saɓa a kafaɗa, ko kuma a tsaida adaidaita a jefa shi ciki a wuce, babu wanda zai ce masa don me. Ita kuma wayar nan mai roba a jiki da ake juya lamba, irin wadda yaron nan ya saya, filaya mai kyau sau biyu ko uku zata gama da ita. Ka sayi sarƙa mai kauri da kwaɗo na gaske mai nauyi, ko makullin nan na ƙarfe mai siffar kofaton doki in ka samu. Na san kuɗi ne kuma na san halin da ake ciki, amma wanda ya iya tara kuɗin keke wata takwas zai iya ƙara sati biyu ya tara na sarƙa, in ma ta kama ka sayi sarƙar kafin keken. In kana tsoron ta kankare maka fenti ka zura ta cikin tsohon tub, masu faci kyauta ma suke bayarwa.

Kuma sarƙar ba a taya kaɗai ake sa ta ba. Ka zura ta cikin firam, ta kamo tayar baya, sannan ta zagaye wani abu da baya motsi, turken ƙarfe ko bishiya mai kauri ko ƙarfen taga. Ka lura da tsayin abin, don na taɓa ganin wanda ya ɗaure kekensa a guntun turke da bai wuce ƙugu ba, ɗagawa kawai za'ayi a zare ta sama. Masu kekunan Kwatano ku kula sosai, da yawansu tayar gaba tana da ɗan hannu da ake ɗagawa ta fita ba sai da sifana ba, in ka ɗaure tayar gaba kawai zaka dawo ka tarar da tayarka tana nan a ɗaure lafiya lau, sauran keken ya tafi. Sarƙar ta matse, kar ka bar kwaɗon yana kwance a ƙasa, don a ƙasa ne ake samun damar buga masa guduma.

Abinda yake cin mu kuma shine "yanzu zan fito". Bakin shagon POS, shagon caji, gidan kallon ƙwallo ranar babban wasa, ƙofar Islamiyya da dare, wajen alwala. Ai shi ɓarawo minti ɗayan nan da ka rena shi yake jira. In zaka shiga Kwari ko Singa ko Sabon Gari ka kai wa masu ajiyar babura da kekuna ka karɓi kati, ɗan abinda zaka basu bai kai kuɗin faci biyu ba. A gida ma kar kace ai soronmu ne, soro a buɗe yake daga magariba zuwa isha, da asuba kuma wanda ya fara fita masallaci baya rufe ƙofa. Shigar da shi tsakar gida, ko a can ɗin ma ka ɗaure. Sannan "bani ɗani" da "ara min in je bakin titi in dawo" daga bakin wanda baka san gidansu ba, ka koyi cewa a'a, kunyar minti ɗaya ce.

Wani zai ce ai komai ƙaddara ne, in Allah ya rubuta za'a sace ko da sarƙa goma sai an sace. Gaskiya ne. Amma wani mutum ya tambayi Manzon Allah (SAW) game da raƙumarsa, ya ɗaure ta ne yayi tawakkali ko ya sake ta yayi tawakkali, aka ce masa ɗaure ta sannan kayi tawakkali, Tirmizi ne ya ruwaito. Ka fara ɗaurewa tukuna. Kuma ku kwamitocin masallatai don Allah, ƙarfe ɗaya dogo a kafa a bakin masallaci da mutane zasu dinga ɗaure kekuna, mai walda ɗaya yini ɗaya ya isa, an fi haka kashewa a fenti.

In an riga an sace kar ka zauna kana jimami kwana uku, a ranar zaka tashi. Kai rahoto caji ofis da lambar da hoton, faɗa wa mai unguwa da ƴan sintiri, zagaya wajen masu gyaran keke na unguwarku da na maƙota ka nuna musu hoton, ka sa a status. Saurin yana da dalili, don keken sata baya daɗewa a siffarsa, ko a fesa masa wani fenti ko a wargaza shi a sayar da taya daban gargare daban sirdi daban, ƙarfen da ya rage a auna shi a kilo.

Yanzu ga inda nafi so mu tsaya, don duk abinda na faɗa a sama na kare kai ne, wannan kuwa shine tushen cutar. Ɓarawo baya satar keke don ya hau, yana sata ne don ya san akwai mai saya, kuma mai sayan nan ba daga wata duniya yake ba, mu ne. Kai ne da aka kira ka bayan layi da magariba aka nuna maka keken da ka san kuɗinsa a kasuwa, aka ce kawo rabi, mai shi yana ta waige-waige yana cewa sauri yake mahaifiyarsa ba lafiya, babu rasit, fenti sabo har yana ɗanko, an goge lamba da zarto, makullin jiki a karye. Ka gani, zuciyarka ta faɗa maka, amma kace ai ni saya nayi da kuɗina. Ɗan uwa kaji tsoron Allah. Kuɗin da ka miƙa masa da su ka aike shi ya sato na gaba, kuma na gaban zai iya zama na ƙaninka. Allah yace kada ku taimaki juna a kan zunubi da ƙetare iyaka, aya ta 2 ce a Suratul Ma'ida. A dokar Penal Code ma karɓar kayan da ka san na sata ne laifi ne mai zaman kansa da ake ɗaure mutum a kai, ranar da aka kama keken a hannunka shi wanda ya sayar maka ya ɓace, kai zaka kwana a sel kuma ka rasa keken ka rasa kuɗin. Hausawa basu yi ƙarya ba da suka ce abokin ɓarawo ɓarawo ne. In zaka sayi na hannu ka saya a wajen mai shago da aka sani, a rubuta maka takarda da lambar firam a ciki da sunan mai sayarwa, a gaban shaida. Duk wanda yace ba sai an rubuta ba, bar masa kayansa.

Ku ma masu gyara da ƴan jari bola, na san mafi yawanku halal kuke nema cikin rana da wahala, shi yasa nake roƙonku kada mutum ɗaya ya ɓata muku suna. Yaro ya kawo keke mai lafiya yace a fasa makulli wai ɗan makullin ya ɓata, ko yace a wargaza a auna, tambaye shi gidansu, ce masa ya zo da babba. Mai gaskiya zai dawo.

Abu ɗaya kuma da bana so mu tsallake. In an kama ɓarawon keke, don girman Allah a daina rufar masa da duka. Na san zafin abin, na ga idon yaron nan, amma ihun ɓarawo yana faɗawa kan marar laifi, kuma ko mai laifin ne babu shari'ar da ta bamu jininsa a kan keke. A riƙe shi a miƙa shi ga hukuma, ta haka ne ma ake gano wanda yake saye a hannunsa da sauran kekunan mutane. Kai kuma da kake wannan aikin, in maganar nan ta iso gare ka, ka sani haƙƙin mutane istigfari kaɗai baya wanke shi sai ka mayar, ko ta hannun liman ko mai unguwa ka mayar ba sai an san kai bane.

Shi dai yaron nan ya koma zuwa Wambai a ƙasa, yana fita tun bakwai na safe don kar ya makara. Ya sake shiga adashe, kwasarsa sai bayan sallah. Jiya muna tsaye da shi a bakin titi ina masa magana, duk keke shuɗi da ya gifta sai ya bi shi da kallo har ya sha kwana.