Ƙannena Ma'aikatan Jinya, Ku Ajiye Wayar Nan

A makon jiya, bayan la'asar, aka kawo mana, a ɗakin gaggawa na asibiti, mutanen da haɗarin mota ya rutsa da su a kan hanyar Kaduna zuwa Zariya. Jami'an kiyaye haɗurra ne suka ɗebo wasu, wasu kuma a keke Napep aka kawo su. Ana tsakiyar neman jijiyar wani dattijo don a sa masa ruwa, an riga an yanke rigarsa da almakashi, hularsa na ƙasa cikin jini, sai na ɗaga kai na ga wata ƙanwarmu sanye da fararen kaya, hannu ɗaya da safa, ɗaya kuma riƙe da waya, tana ɗaukar bidiyonsa tun daga fuska har ƙafa. Kafin a yi sallar isha'i bidiyon ya zagaya ya shigo zauren WhatsApp na unguwarmu, ana tambayar wanda ya san mutumin. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan, kuma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Ƙannena, abu na farko da aka koya mana a ɗakin gaggawa shi ne tantance marasa lafiya: wanda rayuwarsa ke cikin haɗari nan take, wanda zai iya jira kaɗan, da wanda zai iya jira da daɗewa. Wannan aiki da ido ake yin sa, da kunne, da yatsu a kan jijiya. Duk wanda ya daɗe a wurin ya san cewa mai ihu yana kiran sunan mahaifiyarsa sau da yawa ya fi wanda ya yi shiru a lungu lafiya, domin mai ihu hanyar numfashinsa a buɗe take. Babban mutum yana da jinin da ya kai kimanin lita 5 a jikinsa, kuma matashi mai ƙarfi yana iya zubar da wajen kashi 30 cikin 100 a cikin cikinsa ko cinyarsa kafin awon jininsa ya faɗi. Abin da ke fara nuna matsalar shi ne bugun jijiya ya haura 100 a minti ɗaya, tafin hannu ya yi sanyi, gumi ya tsatstsafo a goshi, ya riƙa roƙon a ba shi ruwan sha. Ƙwaƙwalwa kuwa, idan ta rasa iska na minti 4 zuwa 6, ta fara lalacewa ke nan. To, a cikin waɗannan mintuna ne ke kike gyara tsayuwa don hoton ya fita da kyau? Taura biyu ba ta taunuwa. Idon da ke kan waya ba zai ga leɓen da ya fara canza launi ba.

Ko da an ce babu wanda ya cutu a jikinsa, ina maganar sutura? Mutumin da aka kwantar a gabanki magidanci ne, wataƙila limami ne ko malamin makaranta, wanda ko 'ya'yan cikinsa ba su taɓa ganin ƙirjinsa a buɗe ba. Larura ce ta sa aka yaye masa tufafi, kuma amana ce ta sa aka bar ki a wurin aka kori kowa waje. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta shekarar 2014 ta bayyana cewa duk bayanin da ya shafi majinyaci sirri ne, kuma Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Najeriya, wadda ta ba ki lasisi, tana da ikon ladabtar da wanda ya keta ƙa'idar aiki. Tun kafin dokar ma, mun tashi da hadisin da ke cewa wanda ya suturta musulmi Allah zai suturta shi. Rufaida al-Aslamiyya, wadda muke alfahari da ita a wannan sana'a, tanti ta kafa a masallacin Madina, kuma a cikinsa aka yi jinyar Sa'adu ɗan Mu'azu bayan yaƙin Khandaƙ. Mu kuma yau labulen da asibiti ya saya da kuɗinsa muke ja da hannun hagu, muna yaye shi ga duniya da hannun dama.

Na san hujjojin da ake kawowa, domin na sha jin su. Wani ya ce don a gano 'yan'uwan mutumin ne, alhali aljihunsa da waya da katin shaida, kuma akwai hanyar da asibiti da 'yan sanda ke bi. Wata ta ce likita za ta tura wa, sai kuma a ga hoton a sitatus ɗinta da rubutun “Allah ya sa mu gama lafiya”. Wani ya ce wayar da kan direbobi yake yi. Ka taɓa tunanin matar da ke ɗora girkin dare a Tudun Jukun ko Samaru, ta buɗe waya ta ci karo da fuskar mijinta a kumbure, babu wanda ya zaunar da ita, babu wanda ya ce mata ta yi haƙuri? A al'adarmu dattijai ake turawa su kai irin wannan labari, su yi sallama, su zauna, su bi da magana a hankali. Magana zarar bunu ce, hoto kuwa ya fi ta, don ko kin goge daga wayarki yana nan a wayoyin mutanen da ba ki taɓa sani ba. Ban ma so in taɓo masu rawar TikTok da kayan aiki a lokacin aikin dare ba, ga ledar ƙarin ruwa ta ƙare a bayansu har jini ya fara hawa robar.

Ba na musun wahalar da kuke sha. Hannu ya yi kaɗan, ƙwararru da yawa sun tafi Ingila da Saudiyya, albashi ba ya kai ƙarshen wata, wani lokaci kuma masu jinya su zage ku a kan abin da ba laifinku ba. Amma gajiya ba ta taɓa danna wa kowa kyamara ba. Kuma tun da an zo nan, bari in faɗa: wannan tsawa da ake daka wa tsohuwar da ta taso daga ƙauyen Giwa ko Soba don ba ta san inda ake yankar kati ba, sannan a miƙe tsaye da fara'a idan mai babbar riga ya shigo, ita ma cuta ce. Jama'ar gari ma ba su tsira ba, domin a Kwangila ko Ɗanmagaji idan aka yi haɗari, masu ɗaga waya sun fi masu ɗaga wanda ya ji rauni yawa. Sai dai su ba su yi rantsuwar aiki ba, ku kun yi. Ku ji tsoron Allah, ku tuna cewa abin da ya ci Doma ba ya barin Awai, don kan wannan hanya iyayenmu da ƙannenmu suke bi kullum.

Iyayenmu a wannan aiki, waɗanda suka yi karatu a Wusasa da Tudun Wada kafin babban asibitin koyarwa ya koma Shika, agogo ne maƙale a ƙirjinsu, kuma da shi suke ƙirga bugun jijiya minti guda cur, ba tare da sun ɗauke yatsa ba. Miƙa aiki gado bayan gado ake yin sa, a tsaye, ana kiran majinyaci da sunansa. Idan metiron, wato shugabar ma'aikatan jinya, ta shigo ta tarar da ƙafar mara lafiya a buɗe ba tare da dalili ba, ranar ba za ki ci abinci da daɗi ba. Mace za ta yi shekara talatin tana aiki, ta ga asirin manyan gidajen birnin Zazzau kaf, ta yi ritaya ta koma gida, ko mijinta bai taɓa jin sunan mutum ɗaya daga bakinta ba. Yawancinsu yanzu sun tsufa, wasu sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu. Mu da suka bar wa wurin kuwa, idan muka ce wa yarinya ta mayar da waya jaka, sai ta dube mu ta ce ai yanzu zamani ya canza.