Ƙyallaye goma sha ɗaya kafin riga guda

A cikin akwatin da ke ƙarƙashin teburin aikina akwai ƙyallaye goma sha ɗaya, kowanne ɗauke da zane iri ɗaya: da'ira, ganye biyu a cikinta, da gajeren rubutu a ƙasa. Tare da su akwai riga guda da na lalata tun kafin in yanka ƙyalle na farko. Na fito da su jiya ne saboda wani da ya ga rigar da na gama ya ce mini aikin ado da keken kwamfuta ba sana'a ba ce, tunda mutum zane kawai yake loda wa keke, ya danna maɓalli, ya naɗe hannu. Ban yi masa musu ba a lokacin. Ga amsata yanzu, kuma ba shi kaɗai nake ba wa ba, har da masu koyon da suke ganin yawan kuskure shi ne koyo.

Rigar farko ta yadi mai miƙewa ce, irin wanda aka yi shi da saƙa. Na ɗaure ta a firem, wato abin da ke matse yadi ya riƙe shi a kan keke, na ja ta ta kowane gefe har ta yi tauri kamar fatar ganga, domin haka na ji ana cewa, na sa mata shimfiɗar baya irin wadda ake yagewa bayan an gama, na kunna keke. Muddin tana cikin firem babu abin da ya fi ta kyau. Ina kwance ta sai yadin ya koma yadda yake, zaren kuwa bai koma ba, nan take gefen da'irar ya tattare kamar bakin jaka, da'irar ta zama ƙwai, layin da ya kamata ya zagaye ganyen ya kauce ya bar fili a gefe ɗaya. Na shafe fiye da awa ɗaya ina warware zaren da ɗan ƙarfen warwara, kuma garin gyaran gira na rasa ido, domin na huda rigar a wuri biyu.

Abin da na yi bayan nan shi ne ainihin dalilin wannan rubutu. Na ɗora wa keken laifi. Na murɗa lambar ɗaurin zare, na canja allura, na canja zare, na rage gudu, duk a zama ɗaya, sannan na gwada a ƙyalle. Bai yi ba, na sake murɗa komai. A ƙyalle na uku aikin ya fito da ɗan dama, na yi murna, amma da na tambayi kaina wanne ne cikin abubuwa huɗun ya kawo gyaran, sai na rasa amsa. Mafi muni ma, ƙyallayen da nake gwaji da su na auduga ne marar miƙewa, alhali rigar da zan yi wa aiki mai miƙewa ce, wato ko da gwajin ya yi kyau babu abin da zai gaya mini game da rigar. Ƙyallaye huɗu suka tafi a haka. Ba na ƙirga su cikin koyo. Lalube ne a cikin duhu, kuma an bar jaki ana dukan taiki, domin keken lafiyarsa lau.

Ra'ayina shi ne gwaji ba ya zama ilimi sai an cika masa sharuɗɗa biyu: a canja abu ɗaya tak a kowane zagaye, kuma a rubuta abin da aka canja. Daga ƙyalle na biyar na sayo yadi irin na rigar sak, na riƙa rubutawa da biro a gefen kowane ƙyalle irin shimfiɗar da na sa, lambar allura, lambar ɗaurin zare da gudun keke. Abin dariya ne yadda wannan ɗan rubutun ya hana ni gaggawa, domin mutum yana jin kunyar rubuta cewa ya canja abu uku a lokaci guda.

A ƙyalle na biyar, ban da sabon yadin, shimfiɗa kaɗai na canja, na bar mai yagewa na koma wadda ake yankewa da almakashi a bar sauranta a bayan aikin. Rabin matsalar ya tafi. Dalilin a fili yake da zarar mutum ya tsaya ya yi tunani: allura tana soka yadi sau dubbai a ɗan ƙaramin fili, shimfiɗa mai yagewa kuwa an yi ta ne domin ta tsage a inda aka huda ta, saboda haka tun aiki bai kai rabi ba ta riga ta rabu, ta bar yadi mai miƙewa shi kaɗai yana kokawa da zare. Wadda ake yankewa ba ta rabuwa, kuma tana nan tana riƙe da aikin har bayan wanki. A ƙyalle na shida na daina jan yadin. Na shimfiɗa shi a kan shimfiɗar yadda yake a kwance, ba tattara ba ja, na ɗaure firem ɗin a haka. Maganar fatar ganga da na ji tana da gaskiyarta a kan yadi marar miƙewa, amma wanda ya faɗa bai san irin yadin da ke hannuna ba, ni kuma ban san ya kamata in tambaya ba.

Allura ta zo a na bakwai. Lambar da ke jikinta, 75/11, ba ado ba ce: 75 ɗin yana nufin kaurinta milimita 0.75 ne, kuma ita aka fi amfani da ita da zaren ado mai lamba 40. Abin da ban sani ba shi ne bakin allura iri iri ne. Mai tsini tana yanke zaren saƙar yadi mai miƙewa ta bar ƙananan ramuka, mai ɗan dunƙulallen baki kuwa tana ture zaren gefe ta wuce ta tsakaninsu. Sai da na ɗaga ƙyalle na shida da na bakwai na haska su da fitila na ga bambancin, domin a ido kawai ba ya fitowa sai an yi wanki biyu ko uku ramukan sun buɗe.

Ɗaurin zare, wanda na fara zargi, shi ne ya zama marar laifi. An koya mini in juya aikin in dubi bayansa: a ɗinkin satin, wato wanda zare ke kwanciya a jere daga gefe zuwa gefe, idan ɗauri ya daidaita, zaren ƙasa zai bayyana a tsakiya ya ci kusan kashi ɗaya bisa uku na faɗin, zaren sama ya ci sauran ta gefe biyu. Da na mayar da lambar inda take tun farko, haka na gani daidai. Ranar da zare ya cukurkuɗe a ƙarƙashin yadi ya zama kamar sheƙar tsuntsu har keken ya tsaya, na kusa kwance gidan kwarkwaro, ashe zaren sama na zura alhali ƙafar keken tana ƙasa. Idan ƙafar tana ƙasa, faya-fayan da ke matse zare a rufe suke, zaren ba ya shiga tsakaninsu, sai ya riƙa zuba ba mai riƙe shi. Matsalar tana bayyana a ƙasa, tushenta yana sama. Wannan ban ƙirga shi cikin ƙyallaye ba, domin wanda ya faru a kansa sai da almakashi aka ciro shi.

A nan ne nake son mai cewa kwamfuta ce ke yin komai ya ɗan saurara. Injin aikin ado ya girmi kwamfuta nesa ba kusa ba. Josué Heilmann ya ƙera nasa a garin Mulhouse na Faransa a 1828, Isaak Gröbli kuma ya fito da injin da ake kira Schiffli a Suwizalan a 1863, wanda ya ɗauki dabarar keken ɗinki ta haɗa zaren sama da na ƙoshiya, sunan ma daga siffar ƙoshiyar ya samo asali, domin ta yi kama da ɗan ƙaramin jirgin ruwa. Abin da kwamfuta ta ƙara daga baya shi ne ta karɓi aikin motsa firem. Fayil ɗin zane, ko DST na kamfanin Tajima ne, ko PES na Brother, ko JEF na Janome, jerin umarni ne kawai: matsa nan, soka, matsa can, soka, tsaya a canja zare. DST ko launin zaren ba ya ajiyewa, wurin canjin kawai yake nunawa. Babu inda fayil ya san ko tawul aka ɗaura masa, ko fata, ko yadi mai santsi. Keken zai bi umarnin nan da biyayya ko da yana yaga rigar ne. Sanin yadi yana wurin mutumin da ke tsaye a gaban keken, kuma ban ga hanyar da zai same shi ba tare da ya taɓa yadin ya ga abin da zare ya yi masa ba.

Ƙyallaye uku na gaba duk a kan zanen kansa suka tafi, kuma su ne suka fi ba ni wahala. Na farko, na gano cewa na rage girman zanen sosai a kan allon keken domin ya shiga firem mai santimita 10 a kan 10, ban san cewa yawan sukar allura bai ragu ba. Suka iri ɗaya a fili ƙarami yana nufin zare a kan zare, shi ya sa ganyen ya yi tauri kamar kwali, allura tana bugunsa da wata ƙara da na koyi tsoronta. Ƙa'idar da masu sana'ar suke bayarwa ita ce kada a ƙara ko a rage irin wannan fayil fiye da kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari sai an sake lissafa sukar a manhajar zane. Na biyu, da'irar da take zama ƙwai. Zare yana jan yadi ya matse shi ta fuskar da ɗinkin yake tafiya, ya kuma tura shi waje ta ɗaya fuskar, don haka wanda yake son da'ira a kan yadi dole ya zana abin da ba da'ira ba a kan allo, ya ɗan faɗaɗa shi ta inda zare zai ja. Wannan ya daɗe yana ba ni mamaki, cewa sai an karkata zane da gangan kafin ya fito daidai. Nawa za a ƙara? Babu lamba guda da ta dace da kowane yadi, sai an ɗinka an auna. Na uku, rubutun. Haruffan da na zaɓa ba su kai milimita 5 a tsayi ba, cikin harafin "a" da "e" duk ya toshe. Na ƙara musu girma, na zaɓi salon rubutu marar ƙawa, na haƙura da wanda nake so.

Akwai masu cewa duk wannan ɓata yadi ne, tunda bayanan suna nan a littafin da ke zuwa da keke da kuma bidiyoyin koyarwa. Suna da rabin gaskiya, kuma na yarda da na karanta littafin da kyau da ban zura zare ƙafa tana ƙasa ba. Abin da aka riga aka sani, wauta ce mutum ya ce sai ya gano shi da kansa. Amma na karanta maganar shimfiɗa tun kafin in lalata rigar farko, ta shiga ta kunnen dama ta fita ta hagu, domin a lokacin ba ni da abin da zan rataya ta a kai. Sai da na riƙe ƙyalle na huɗu a hannun hagu da na biyar a hannun dama ta zauna mini. Karatu yana rage yawan ƙyallayen da mutum zai ɓata, wataƙila daga ashirin zuwa goma, amma bai taɓa mayar da su sifili ba.

Haka kuma ban yarda da masu yi wa kuskure kirari ba, waɗanda suke cewa a yi ta yi kawai, hannu zai faɗa. Hannu yana faɗawa a kan kuskure ma. Kuma akwai wuraren da gwaji ba shi da hurumi. Ba a gwaji a kan rigar da wani ya ba da amana, domin shi bai ɗauki alkawarin biyan kuɗin karatun kowa ba. Ba a kwance cikin keke a taɓa saitin da ke haɗa lokacin saukar allura da juyawar ƙugiyar da ke kama zare, wannan aikin mai gyara ne, kuma wanda ya ce zai koye shi da lalube zai sayi darasin da tsada. Gwaji na ƙyalle ne, inda asarar ba ta wuce tafin hannu na yadi da 'yan mitocin zare ba.

Ƙyalle na goma sha ɗaya ban canja komai a kansa ba. Na maimaita na goma ne sak, domin in tabbatar ba sa'a ba ce, sannan na wanke shi sau biyu na shanya, na ga bai tattare ba. Bayan nan ne na ɗaura riga ta biyu, na rage gudun keken, na zauna a gabansa har ya gama ban tashi ba. Da'irar ta fito da'ira. A ƙasan ganye na hagu akwai inda layin zagaye ya kauce da abin da bai kai kaurin zare biyu ba, babu wanda ya taɓa lura da shi, ni kuwa shi nake fara gani duk lokacin da na ɗauko rigar.

Yanzu tawul ne a gabana, kuma gashinsa yana haɗiye ɗinkin har rubutun ya ɓace a ciki. An ce mini in ɗora masa siririyar leda mai narkewa a ruwa a sama kafin in fara, domin ta danne gashin. Na yanka tsohon tawul gida shida, na rubuta lamba ɗaya a gefen na farko.