Wanda ya rushe soron nan ya ci amanar Kano

Wallahi duk mai hannu a rushe tsohon soron nan na kan titin Ƙofar Mata don a jera shaguna, ya ci amanar garin nan. Katafila ta shiga da safe, kafin la'asar zankwaye sun kwanta a ƙasa, azara na zube a bakin kwata, yara na ja suna kai wa iyayensu makamashi.

Kada wani ya zo min da zancen wai ai ginin ƙasa ne. Titin nan, daga ƙofa ka wuce Asibitin Murtala har ka ɓulla Masallacin Juma'a da Gidan Rumfa, wato fadar Sarki, shi ne fuskar birni. A bakinsa marinar Ƙofar Mata take, wadda ake lissafa shekarunta tun daga 1498. Ta nan jama'a ke kwarara zuwa filin Idi ranar Sallah. Kuma marina da soron nan 'yan gida ɗaya ne: katsin da ake kwasowa daga ƙasan rijiyar baba, shi magina ke cakuɗawa da gashin dabba da dafara, wani tsiro mai danƙo, su shafe bango da rufi, ruwan sama ya sauka ya zarce ta indararo. Ka shiga zauren irin gidajen nan tsakar rana a watan Afrilu, ka ɗaga kai ka ga daurin guga, wato ginin baka da ke tallafe rufin, ka ji sanyin da kaurin tubali ke riƙewa ba fanka ba janareta. Wannan ilimin aka tura cikin tifa aka zubar.

An ci amana, na faɗa na kuma maimaita.

Masu cewa damina na cinye ginin ƙasa, ku je Gidan Makama ku gani. Tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15 yake, yana nan tsaye saboda ana yaɓe shi. Sakaci ne ke kayar da soro. Masu cewa gidan magada ne, su yi yadda suka ga dama da shi, na ji, hakkinsu ne su sayar. To ina hukuma? Wa ya ba da izinin rushewa? A 2010 haka aka baje Ƙofar Na'isa don faɗaɗa titi, aka maye ta da siminti, aka yi surutu aka watse. Tun 2007 badalar Kano ke jiran shiga jerin wuraren tarihin duniya na hukumar UNESCO, ga Agadas can a Nijar ta shiga tun 2013, da masallacinta na ƙasa da unguwanninta. Mu muna nan muna yanka badala muna fitar da fuloti.

Zuciyata na ƙuna ne don ina son yaran da ke tasowa a Yakasai da Zango su san kakanninsu gwanayen gini ne, su gani da idonsu a kan hanyarsu ta zuwa makaranta.

Af, har da kududdufai. Daga cikinsu aka haƙi ƙasar da aka gina birnin nan, su ne kuma ke shanye ruwan damina. Ana ta cike su da shara ana gini a kai. In Agusta ta zo ruwa ya shiga ɗakunan mutane, kowa ya tambayi mai unguwarsa wa ya sayar da kududdufin bayan layinsu.