Jirgin da Na Sha Wahalar Tsufarwa

A farkon hunturun bara ƙanena da ke karatu a Ingila ya dawo hutu, kuma a ranar rabon tsaraba, yayin da wasu suka sami turare wasu suka sami agogo, ni sai ya miƙo mini wani kwali mai hoton jirgin yaƙi yana cewa, "Yaya, wannan naka ne, don na san halinka." Da na buɗe sai na tarar da gutsattsarin roba masu launin toka maƙale a jikin firam, da takardar bayani, da wata 'yar takarda mai ɗauke da tambura. Samfurin jirgin Hawker Hurricane ne a kan ma'aunin 1/72, wato an rage kowane tsawo na jirgin gaskiya sau 72, don haka fukafukan da faɗinsu ya ɗan haura mita 12 sun koma kamar santimita 17, abin da bai kai taƙi ɗaya na hannuna ba.

Ba banza ƙanen nawa ya zaɓi wannan jirgi ba. Muna yara a Fagge kakanmu, Allah ya ji ƙansa, yakan ba mu labarin jiragen Turawan Ingila da ya gani suna sauka a Kano lokacin yaƙin Hitila yana saurayi, kuma da na girma na karanta sai na tarar ba ƙari ya yi ba. Tun daga watan Satumba na 1940 Turawan Ingila suka riƙa kawo jirage cikin akwatuna ta teku zuwa Takoradi a ƙasar Gana ta yau, a harhaɗa su a can, sannan su taso ayari-ayari, jirgin Blenheim na yi musu jagora, su bi ta Legas, su yada zango a Kano, su wuce Maiduguri da Sudan har su isa fagen fama a Masar. Hurricane na cikin waɗanda suka fara bin wannan hanya. Saboda haka na ƙudurta cewa ba zan tsaya ga haɗa shi kawai ba, sai na mayar da shi kamar wanda ya sha ƙurar Kano da rairayin hamada, ya tsufa, ya jigata. Ina ganin aikin kwana uku ne. Kallon kitse na yi wa rogo.

Haɗawar kanta ba ta ba ni wuya sosai ba, in ban da abubuwa biyu. Na farko, gam ɗin da ya zo da kayan ya ƙare mini saboda yawan zubawa, sai na aika yaro ya sayo sufagulu a kantin bakin layi, na liƙa murfin kujerar matuƙi da shi, ban san cewa tururinsa yana mayar da roba mai haske fari fat ba. Da gari ya waye matuƙin jirgina yana zaune a cikin hazo tun kafin ya bar ƙasa. Na biyu kuwa tayar wutsiya ce, wadda girmanta bai wuce ƙwayar dawa ba. Na kama ta da matsefata ina ƙoƙarin saita ta, sai na ji ƙas, ta yi tsalle ta ɓace. Na tayar da gida gaba ɗaya, aka ɗaga tabarma, aka kakkaɓe darduma, aka tace sharar tsakar gida da rariya, har uwargida ta tambaye ni cikin ladabi ko zinare ne ya faɗi. Daga ƙarshe na ciri dutsen kwalliya guda daga awarwaron 'yar autarmu na shafa masa baƙin fenti, kuma har yau ba ta san inda ya tafi ba.

Batun fenti ne ya fitar da ni waje. Jiragen da suka yi yaƙin hamada ana yi wa samansu launi biyu, ruwan ƙasa mai duhu da ruwan yashi, cikinsu kuma shuɗi mai haske kamar sararin sama, sannan a ƙarƙashin hanci akwai wata matatar iska mai kama da haɓa wadda aka ƙara domin kada rairayi ya cinye injin jirgin mai suna Merlin. Na nufi Ƙofar Ruwa da hoton a waya, na nuna wa wani mai haɗa fenti. Ya duba da kyau, ya ce launukan ba matsala, sannan ya tambaye ni, "Alhaji, ɗaki nawa ne?" Da na ce masa kamar cokali biyu na kowanne nake bukata, sai ya ajiye gwangwanin da ke hannunsa, ya dube ni daga hula zuwa takalmi, ya kira maƙwabcinsa domin shi ma ya ji da kunnensa. Sun yi mini kirki dai, sun zuba mini a murafen kwalba, suka ƙara mini da tina kyauta. Wannan kyauta ce ta kusa kashe jirgin, domin tina ta fentin mota ce, kuma tana narkar da irin wannan roba. Ɗigo ɗaya ya faɗa a kan bakin fiffiken dama, ina kallo ya yi laushi kamar alewar da aka manta a rana. Sai da na roƙi mai gyaran jikin mota ya ɗan lakato mini abin da suke cike lotsewa da shi, na kwana biyu ina gugawa da samfefa, kafin fiffiken ya koma kama da ɗan'uwansa.

Bayan mako uku jirgi ya tsaya a kan tayoyinsa, fenti ya kwanta, tamburan da na jiƙa a ruwan ɗumi sun zauna a mazauninsu, har uwargida ta ce, "Malam, wallahi ya yi kyau, sai a sa shi a falo." Na ce mata ai yanzu aka fara, domin saura in tsufar da shi. Ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta ce, "Wato an kawo maka abu sabo daga Ingila, ka ɓata mako uku kana gyara shi, yanzu kuma za ka ɓata wani lokacin kana lalata shi?" Na yi mata dogon bayani cewa a wurin masu wannan sana'a jirgin da ke ƙyalli abin wasan yara ne, gwaninta kuwa ita ce a nuna inda hayaƙi ya bi, inda mai ya zuba, inda takalmin matuƙi ya goge fenti. Ta ce in tsufa nake nema, ga babur ɗina nan a zaure, ba ya bukatar taimakon kowa.

Gaskiya wannan mataki shi ne mafi daɗi, kuma a nan na gane dalilin da ya sa manyan mutane masu iyali suke kwana a kan irin wannan aiki. Na tsinka fenti mai duhu har ya zama kamar ruwan shayi, in taɓa bakin buroshi a kan layin da ke tsakanin faranti biyu na jikin jirgin, sai in ga ruwan ya bi layin da kansa yana gudu kamar ruwan sama a kwata, abin da bai shiga layi ba kuma in share da auduga. Na yagi guntun soso na dangwala a fentin azurfa, na goge shi a takarda har ya kusa bushewa, sannan na riƙa taɓa gindin fiffiken hagu, domin ta nan matuƙi da makanikai suke hawa, da gaban fukafukai inda rairayi ke dukan jirgi. Kowace taɓawa sai ta bar ɗigo ƙanana marasa tsari, kamar fenti ya ɓare da gaske. Da na zo kan baƙin hayaƙin da ke fita daga salansa ya kwanta a gefen jirgi, na gwada garin gawayi ya yi gautsi, na gwada bakin fensir ya yi ƙyalli, sai idona ya faɗa kan tandun kwallin uwargida a gaban madubi. Ban taɓa ganin abin da ya yi laushi ya kuma kama jiki kamarsa ba. Na ja shi da busasshen buroshi daga salansa zuwa baya, mai duhu a farko yana dusashewa, na kuma yi 'yan siraran layuka a bayan bakunan bindigogi takwas da ke cikin fukafukai. Kwallin kuwa tsarabar Makka ne da ƙanwarta ta kawo mata, kuma ban san na ci fiye da rabinsa ba sai ranar da za ta gidan suna. Ba ta ce komai ba, kuma da ina da wayo da wannan shirun ya tsorata ni.

Da hannu ya faɗa sai na wuce gona da iri, na haɗa ja da ruwan ƙasa na yi wa bayan jirgin tsatsa, daga kujerar matuƙi har wutsiya. Na ɗauke shi a kan faranti na kai wa maƙwabcina tela, wanda muke hira da shi bayan Isha'i, na shiga zuba masa ilimi: injiniya Sydney Camm ne ya zana shi, ya fara tashi a 1935, an ƙera fiye da 14,000, a yaƙin sararin samaniyar Birtaniya na 1940 ya fi takwaransa jirgin Spitfire yawa ko da yake Spitfire ya fi shi suna. Na ƙara da cewa wani abin mamaki shi ne bayan jirgin ba farantin ƙarfe ba ne, yadi ne aka ɗame a kan katako da bututun ƙarfe, shi ya sa harsashi kan ratsa ya wuce a yi masa faci. Tela ya gyara tabarau, ya kai fitilar wayarsa kusa da wutsiyar, ya ce, "Malam, yau shekarata talatin ina ɗinki, amma ban taɓa ganin yadin da ya yi tsatsa ba." Na ɗauki farantina na yi masa sai da safe.

Gyaran wannan kuskure ya ci mini kwana huɗu. Sannan na yi abin da nake ganin shi ne hatimin aikin: na je wajen unguwar da ke kusa da filin jirgin sama na Malam Aminu Kano, na ɗebo jar ƙasa a leda daga gefen titi, na daka, na tankaɗe da tsohon ɗankwali, na barbaɗa a tayoyi da cikin jirgin, domin a ce ƙurar Kano ce ta gaskiya a jikin jirgin da ya bi ta Kano. Abin da ya rage kawai shi ne a fesa masa baranis marar ƙyalli wanda zai riƙe kwalli da ƙurar, to amma hazo ya yi yawa a makon, kuma duk abin da aka fesa sai ya kwashi ƙurar da ba a gayyata ba. Na ɗora shi a kan kabad ɗin falo, na gargaɗi yara, na tafi masallacin Juma'a da zuciya fara.

Da na dawo na ga takalman Hajiya a bakin ƙofa. Mahaifiyata mace ce da ba ta iya zama ta ga datti, ko a gidan wani ne, balle a gidan ɗanta. Na same ta a tsakar gida a kan kujera 'yar tsugune, gabanta roba cike da kumfar omo, a hannunta tsohon buroshin haƙori, jirgina kuwa yana kife a kan murfin bokiti yana shan rana, yana ƙyalli kamar ranar da aka haife shi. Babu kwalli, babu ƙura, babu ruwan shayin da ke cikin layuka, tambarin fiffiken hagu yana yawo a saman kumfa, na dama ya manne a gefen robar. Da yake ni ne ɗan fari ba ta kiran sunana, sai ta ce, "Kai, yanzu abin da ƙanenka ya ɗauko tun daga Ingila shi za ku bari ya yi wannan dauɗa a falo, inda baƙi ke zama? Har baƙin hayaƙi a jikinsa, kamar a madafi ake ajiye shi." Na buɗe baki na rufe. Wane bayani zan yi wa matar da ta yi shekaru tana wanke ni, cewa dauɗar da hannuna na sa ta, kuma kwana goma sha biyu na yi ina sa ta? Na durƙusa na ce, "Sannu da aiki, Hajiya, Allah ya saka da alheri." Ta ce, "Amin. Wurin nan na gefe ne ya ba ni wuya, sai da na sa farce."

Na waiwayi uwargida, wadda ke tsaye a ƙofar kicin. Da dare na tambaye ta dalilin da ya sa ba ta hana ba, alhali ta san komai. Ta ce, "Haba Malam, ni ce zan hana Hajiya abin da ta yi niyya? Ai buroshin kawai ta ce in miƙo mata, na kuwa zaɓo mata mai tauri." Sannan ta juya ga madubi ta ci gaba da lalubo abin da ya saura a gindin tandun kwallinta.

Zuciyata ta mutu a kan aikin. Na liƙa tamburan da gam yadda suka samu, na jefa jirgin a kan tagar ɗakin karatuna, wadda ragar sauronta ta yage, ban sake waiwayarsa ba har kusan ƙarshen Janairu. Ranar da tela ya shigo aron caja ya tsaya a gaban tagar ya daɗe. Hunturu ya shimfiɗa wa jirgin ƙura mai laushi, ta yi kauri a gindin fukafukai, ta shige kowane layi, ta dusashe launukan daidai yadda suke a tsofaffin hotuna, har hazon da ke kan murfin matuƙi ya zama kamar da gangan aka yi shi. Ya ce, "To, Malam, yanzu kam ka iya. Wannan karon da me ka yi amfani?" Na ce masa sirrin sana'a ne.

A daren nan Hajiya ta bugo waya ta ce za ta zo ranar Juma'a, kuma kafin ta kashe ta tambaya ko jirgin nan ya sake yin datti. Washegari da sassafe na sa shi a kwalin takalmi, na ɗaure kwalin a bayan babur, na tafi da shi ofis ina tuƙi a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai, na kulle shi a durowa. Makullin yana aljihuna, domin mai sharar ofishinmu ita ma mace ce mai tsafta.