Rumbu Mai Suma da Tsakar Dare

Rumbu shi ne sunan da na raɗa wa kwamfutar ajiyar da na harhaɗa da hannuna: tsohon babban allon kwamfuta mai processor Ryzen na 2017, ram gigabayit 16, fayafayan ajiya shida masu terabayit huɗu-huɗu, Debian, wani nau'in Linux, a kai, manhajar tsara ajiya ta ZFS kuma na riƙe da fayafayan a tsarin raidz2, wanda ko biyu sun mutu kaya ba sa salwanta. Aikinsa bai taka kara ya karya ba: ya zauna a lungu, ya karɓi hotuna da takardun gidan, ya yi shiru. Sai ya tsiri wata ɗabi'a. Ya mutu da kansa, ya taso da kansa, ya ɗora aiki, kamar ɗan makarantar allon da gyangyaɗi ya kwashe, ya farka ya ɗaga murya da karatu don kada malam ya gane.

Umarnin uptime, mai faɗin tsawon lokacin da na'ura ta yi a kunne, shi ya tona masa asiri. Na'urar da ya kamata ta ce ta yi wata biyu a tsaye, sai ta ce awa biyar.

Na fara da last -x, umarnin da ke jera kashewa da kunnawar na'ura. In kashewar ladabi ce, za ka ga layin shutdown sannan na reboot. Nawa reboot ne a kan reboot, babu sallama. Na bi da journalctl -b -1 -e, wanda ke nuna ƙarshen rajistar tashin da ya gabata, muddin akwai /var/log/journal, don in babu, rajistar tana mutuwa tare da mai ita. Layin ƙarshe: Samba, manhajar raba fayiloli, na miƙa wani fayil lafiya lau. Daga nan ɗif. Na leƙa /sys/fs/pstore, inda kernel, zuciyar Linux, kan bar wasiyya in ya firgita, wayam. A ra'ayina wannan shirun ya fi kowane saƙon kuskure bayani. Manhaja in za ta mutu, galibi sai ta yi kururuwa. Wanda ya tafi bai ce uffan ba, ƙafa aka share masa.

Duk da haka sai da na bi masu laifin da aka saba kamawa. Memtest86+ ya kwana yana zagaye ram, bai samu ko kuskure ɗaya ba. Na kashe XMP, saitin ƙara wa ram gudu, a BIOS, wato saitunan allon, don ram ya koma gudunsa na asali. Zafi fa? Na busa ƙurar hunturun da ta yi wa fanka rawani, na duba sensors, processor bai haura digiri 60 ba, fayafayai na wajen 40. Ryzen na farko an san wasunsu da sandarewa a Linux in ba su da aikin yi, maganin kuma shi ne mayar da Power Supply Idle Control zuwa Typical Current Idle. Na mayar. Rumbu ya karɓi duk wannan gata, ya sake sumewa daren Lahadi.

Uwargida ta leƙo ta same ni a tsugune da tocila a baki. Ta ce, "Abban yara, ko dai a turara masa habbatus sauda?" Na cire tocilar na ce mata, in akwai abin da ba na fatan gani kusa da akwatin nan, hayaƙi ne.

Fayafayan ne suka fara ba da shaidar kirki. Da smartctl -A, mai nuna lambobin lafiyar faifai, na duba kowanne: lamba 5 da 197, masu ƙirga gurabun da suka lalace, sifili, lamba 199, mai tona mugun kebul ɗin SATA, sifili. Amma lamba 192, wadda a irin fayafayaina ke ƙirga sau nawa kan karatu ya janye a guje don wuta ta yanke, tana hawa a duka shidan tare, daidai da yawan suman. Shida ba za su haɗa baki su yi ƙarya ba. Wuta ce ke yankewa. Sannan a BIOS na saita Restore on AC Power Loss a kan Power On, shi ya sa yake tashi da kansa ya share sawu.

To amma wace wuta? Rumbu a kan inbata yake, batir cike. Na zargi 'yar wayar nan mai raba Molex zuwa SATA biyu, irin mai narkakkiyar roba a kai da aka sani da ƙonewa, na jefar da ita. Na yi lissafin tashi: kowane faifai mai inci uku da rabi yakan ja kusan amfiya 2 a layin bolt 12 lokacin da yake fara juyawa, shida ke nan amfiya 12, wat 144 na 'yan daƙiƙoƙi. Sai dai wannan a lokacin kunnawa yake cizo, nawa kuwa ba sa barci, balle su farka tare.

Da na jera lokutan suman a takarda sai abin ya fito. Kusan duk bayan ƙarfe biyun dare ne, lokacin da rsync ke kwafe kaya, ko kuma Lahadi ta biyu ga wata, ranar da Debian ke sa ZFS ya karance kowane lungu na fayafayai. A ɗauke wutar gari yana zaman banza, ko gezau. Ya yi aiki mai nauyi wuta na nan, lafiya. Sai biyun sun haɗu. Na gwada: na ba da zpool scrub, umarnin wannan karancewar, na je na sauke makunnin da ke kawo wutar gari cikin inbata. Fitilar falo ko ƙiftawa ba ta yi ba, Rumbu kuwa ya sheme. Na tsayar da aikin da zpool scrub -s, na sake saukewa, yana nan daram.

Ga dalili. Inbata irin namu tana da saiti biyu na karɓar wuta. APL na kayan gida yana yarda da bolt 90 zuwa 280, yana kuma ɗaukar kusan milisakan 20 kafin ya juya kan batir, wato zagaye guda cur na wutarmu mai hez 50. Saitin UPS yana karɓar 170 zuwa 280, ya juya cikin kusan milisakan 10. Tawa a APL take. Ƙa'idar ATX, wadda ake ƙera kayan kwamfuta a kanta, kuwa milisakan 16 zuwa 17 kawai ta nemi akwatin wutar kwamfuta ya riƙe in an ɗora masa cikakken nauyi, kuma babban kafasitan cikinsa ne ke wannan riƙon. Sabon akwati mai wat 450 da ke ɗauke da wat ɗari da 'yan kai zai haye milisakan 20 yana hamma. Tsoho mai gajiyayyen kafasita yakan haye in kaya ba nauyi, amma fayafayai shida na aiki sai ƙarfin ya zube, siginar PWR_OK, mai shaida wa allo wuta lafiya, ta faɗi, allo ya sake lale.

Kada kowa ya buɗe akwatin nan da kansa, don kafasitan na iya riƙe kusan bolt 400 bayan an zare filogi. Mai gyara na kai wa. Ya sauke cajin, ya auna, abin da aka rubuta maikurofarad 330 bai kai rabi ba, kansa ma ya kumbura. Ya ce, "Yallaɓai, wannan ai ya daɗe da yin ritaya, ofis kawai yake zuwa."

Na sayi sabon akwati mai wat 550 da isassun bakunan SATA, na mayar da inbata saitin UPS. Suma ta tsaya. Sai dai duk sanda wutar gari ta yi ƙasa da 170, kuma ba baƙon abu ba ne a unguwarmu, inbata sai ta koma batir, batir ya ƙare kafin asuba, fankoki su tsaya ana tsakiyar zafin Afrilu. Aka kira taron gaggawa a gidan, ban samu ƙuri'a ko ɗaya ba. Inbata ta koma APL, Rumbu ya samu ƙaramin UPS nasa, na'urar batir mai riƙe kwamfuta in wuta ta yanke, mai fitar da tsantsar igiyar sine, wato wuta mai santsi irin ta gari, don akwatunan wuta masu active PFC, wani tsarin daidaita jan wuta, ba duka ke jure wuta mai hawa-hawa ba. Na haɗa shi da kebul ɗin USB, na girka NUT, manhajar lura da UPS, don ya kashe na'urar cikin tsari in batir ya yi ƙasa.

Daren farko UPS ɗin ya yi ta ƙara duk sanda wuta ta motsa, har aka ƙwanƙwasa min ƙofa da batun taro na biyu. Umarnin upscmd da beeper.disable ne ya rufe masa baki, ina buga shi da gajeren wando, uwargida na tsaye a kaina riƙe da filogi.