Ƙannena sabbin malaman JSS, ku fara duba bencin baya

Assalamu alaikum. Maganar nan tawa da ku ce ƙannena maza da mata da kuka karɓi takardar kama aiki aka tura ku ƙaramar sakandare, wato JSS, ko nan cikin birnin Katsina ko ƙauyukan da ke kewaye. Abin da ya taso da ita shekaranjiya ne wani sabon malami da aka kawo mana ya fito daga JSS 1 gumi ya jiƙa mashi riga sharkaf, garin alli har a gira, ya zauna kusa da ni gindin bedi ya ce, "Malam, wallahi minti 40 ina ta magana amma kamar da bango nake." Na ce to ka tambaye su ko sun gane? Ya ce na tambaya mana, duk suka haɗa baki suka ce yes sa. Na ce mashi ɗan'uwa wannan yes sa ɗin kada ka sake ka yarda da ita, tun firamare aka koya masu ita kamar waƙa, yaron da bai fahimci ko harafi ɗaya ba sau da yawa shi ya fi kowa ɗaga murya wajen faɗinta.

Na san inda kuka fito. Wani ya yi NCE a FCE Katsina, wani Isa Kaita ta Dutsin-Ma, wani kuma digiri ne daga jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, kun yi TP, wato gwajin koyarwa, an zo an duba ku an ba ku maki, an koya maku a raba yara rukuni-rukuni, a kawo kayan koyarwa, a bar yaro ya gano abu da kanshi. Duk gaskiya ne. Sai dai ranar farko da za ka ɗaga ƙafa ka shiga aji ka tarar da yara sun haura 90, bencin mutum uku an matsa mutum biyar, wasu a ƙasa sun ɗora littafi bisa gwiwa, taga ba murfi, allo ya koɗe har alli ba ya kamawa sosai, a nan ne za ka ji duk abin da aka koya maka ya gudu daga kanka. Kowa ya ji haka a farkonshi, ba gazawarka ba ce.

Ranar malami a gajarce ga ta: sallar asuba, a yi wanka a fito neman Keke Napep ko a tada babur, kuma tun da aka cire tallafin mai a 2023 kowa ya san yadda kuɗin mota ke cin albashi, ka iso ka sa hannu a littafin zuwa kafin a ja jan layi, asambuli, taken ƙasa, duba farce da yunifom, tare 'yan latti a get, kiran rajista in kai ne fom masta, sai darasi bayan darasi har a tashi tara, a dawo a ci gaba rana na dukan kwanon rufi, a watan Afrilu kam ajin kamar tanda. Ga lesin not da za ka kai ma bayis, mataimakin firinsifal, ya sa hannu, ga dayari, ga tes da za ka yi ma maki na aji uku ko huɗu. Wannan duk za ka saba da shi cikin zango ɗaya, ba shi ne damuwata ba.

Damuwata ita ce hanyar sauƙi da za ta zo ta same ka tun sati na uku ba tare da ka neme ta ba. Ka shiga aji, ka juya ma yara baya, ka cika allo da rubutu daga wannan gefe zuwa wancan, ka ce ku kwafa, aji ya yi tsit, kowa ya duƙufa, firinsifal ya wuce ta taga ya ga aji shiru ya ji daɗi, ƙararrawa ta kaɗa ka fita. Daga baya ma sai ka ga ai ba sai ka shiga da kanka ba, ka miƙa ma monita littafin ya rubuta masu kai kana gindin bedi ana hirar siyasa da ƙarin girma da aka daɗe ba a yi ba. Kuma za ka samu waɗanda suka riga ka a aikin su ce maka Malam kada ka kashe kanka, mu ma da zafinmu muka zo. Ba na zaginsu, wasunsu shekara ashirin suna fama kuma an cuce su ta fuskoki da yawa, ka girmama su ka gaishe su ka koyi cike rajista da haɗa sakamako a wajensu, amma dan Allah wannan shawarar guda ɗaya kada ka ɗauka.

Bari in faɗa maku dalili, kuma abu ne da ya faru da ni, har yau in na tuna sai na ji ƙirjina ya yi nauyi. A shekarata ta farko akwai wani yaro a bencin baya can jikin bango, shiru-shiru, littafinshi tsaf, rubutunshi ya fi na kowa kyau a ajin har nakan ɗaga shi in nuna ma sauran. Da aka yi tes ya ci sifili. Aka sake ya sake cin sifili. Raina ya ɓaci na ɗauka raini ne, na tada shi tsaye gaban aji na ce karanta mani abin da ka rubuta da hannunka, ya tsaya yana kallon littafin yana kallona, na zuba mashi bulala na kira shi daƙiƙi, aji ya fashe da dariya. Ashe yaron nan bai iya karatun boko ba ko kaɗan, zana haruffan yake yi kamar yadda mai ɗinkin hula ke bin zane, shekara shida na firamare haka ya yi ta kwafa ana ciyar da shi gaba ba wanda ya taɓa zama da shi. Daga baya ne wani ɗan unguwarsu ke gaya mani ai Malam, yaron nan ya kusa sauka a makarantar allo, in yana tilawa sai ka tsaya ka saurara. Yaron da ya riƙe izu sama da hamsin a ka shi na kira daƙiƙi. Kafin in gane kurena in neme shi ya daina zuwa.

To shi ya sa nake roƙonku, satin farko ko na biyu, kafin ka yi nisa da sikim, ka ware lokaci ka gwada karatun kowane yaro ɗaya bayan ɗaya. Layi uku na Hausa, layi uku na Turanci mai sauƙi, ka kira shi gefe kusa da teburinka yadda sauran ba za su ji ba, ka sa alama a wani littafi naka na daban. Zai ci maka kwanaki, na sani, ko wane fanni kake koyarwa kuwa, lissafi ne ko kimiyya ko addini, domin duk fannin a rubuce yake zuwa ranar jarrabawa. Abin da za ka gani zai tada maka hankali amma gara ka sani. Dokar UBE ta 2004 ta ce kowane yaro ya samu shekara 9 na ilimi kyauta kuma dole, shida firamare uku ƙaramar sakandare, wato mu ne tasha ta ƙarshe a cikin taran nan, kuma a nan wajenmu kun sani na sani yara da yawa daga JSS 3 karatun ke tsayawa, mace a yi mata aure, namiji ya kama kasuwa ko gareji ko ya tafi Kano ko Abuja neman kuɗi. In ya wuce ta hannunmu bai iya karatu ba, da wuya ya sake samun wanda zai zaunar da shi.

Waɗanda ka samu ba su iya ba, ka dawo da su gaba, bencin baya ba wurinsu ba ne. Ka fara masu da Hausa, ba bi bu, ka ki ku, domin rubutun Hausa yadda ake faɗa kusan haka ake rubutawa, yaro yana kama baƙi da wasali sai ka ga cikin 'yan makonni ya fara haɗa kalma da kanshi, shi kuwa Turanci harafi ɗaya sai ya yi maka sauti biyu uku, in aka fara da shi yaro ya rikice ya sare. Minti goma a lokacin tara, ko minti goma na ƙarshen darasi, ka haɗa wanda ya iya da wanda bai iya ba su zauna tare. Ranar da yaro ɗan shekara 13 ya karanta jimla ta farko da bakinshi ka kalli fuskarshi, wallahi ni dai ban san abin da ya kai wannan daɗi a aikin nan ba.

Kuma kada ka ji kunyar yin bayani da Hausa. Wasu sabbin malamai suna ganin in ba su zuba Turanci daga farko har ƙarshe ba za a raina iliminsu. Yara ba su zo auna Turancinka ba. Ka yi bayanin da harshen da suke mafarki da shi, ka kawo misali da tiya da rabin tiya, da yadda ruwan randa ke sanyi, da gero da wake na gonar babansu, in sun gane sai ka ba su kalmar Turancin su riƙe su maimaita su rubuta, tunda jarrabawar BECE da ke jiransu a JSS 3 da Turanci za ta zo. Sannan ka san sunayensu. Kai mai jar hula, ke ta bakin taga, wannan ba kira ba ne. Yaro in ya ji malam ya kira sunanshi da na babanshi zama ma yake gyarawa.

Maganar bulala ba zan ce maku ban taɓa riƙewa ba, kun ji labarina. Amma kafin ka ɗaga hannu ka tambaya. Yarinyar da ta makara watakila sai da ta ɗebo ruwa ta kai tallar koko ta dawo, yaron da ya yi kwana uku bai zo ba a watan Oktoba yana gona ana girbi, wanda ke gyangyaɗi a darasin farko watakila ko ruwan zafi bai sha ba ya fito. Wanda ya yi rashin kunya a hukunta shi, ban hana ba, amma zagin iyaye da kiran yaro jaki ko daƙiƙi gaban 'yan'uwanshi ya fi dorina ciwo kuma ba ya warkewa da wuri.

Sai magana ta musamman gare ku maza, kuma ba zan yi kwana-kwana ba. 'Yan matan nan 'yan shekara 12 zuwa 15 ɗiyan mutane ne, amana ce aka ba ka. Kada ka kira yarinya ofis ita kaɗai, kada ka karɓi lambar waya, kada ka aike ta gidanka shara ko wanke-wanke, ko da zuciyarka fari tas take. Katsina gari ne da kowa ya san gidan su kowa, magana ɗaya ta fita ta bi ka har tsufa, balle kuma tsayuwa gaban Allah. Ku kuma malamai mata, yarinya da yawa a aji ɗaya ko biyu take fara al'ada tana cikin tsoro ba ta san wa za ta gaya mawa ba, ku zama yayye gare su, ku sa ido ga wadda ta yi shiru ta ƙi tashi daga benci bayan an tashi.

Albashi kam ba ya isa, ba sai na ɓoye maku ba, alat na shigowa mai shago da mai haya sun riga sun raba shi. Ka nemi sana'a bayan an tashi, noma ko kiwo ko ɗan shago ko lesin na yamma, halal ne, amma ba a cikin lokacin darasin yara ba, kuma kada ka fara sayar da maki ko tilasta masu sayen wata takarda. Ka yi hattara da rancen banki a shekarar farko, na ga waɗanda suka ci bashin babur da na aure lokaci ɗaya suka wayi gari abin da ke shigo masu bai kai kuɗin mota ba, daga nan zuciya ta mutu aji ya gagare su shiga.

In ranka ya yi sanyi wata rana ka je tsohuwar Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922, wadda ginin ya zama gidan tarihi yanzu, ka tsaya ka kalli ginin nan da aka yi da ƙasa. Sardauna Ahmadu Bello daga nan ya fita ya je ya koyar a Midil ta Sakkwato, Abubakar Tafawa Ɓalewa ya fita ya koyar a Midil ta Bauci, yara masu irin shekarun waɗanda ke gabanka yau suka tsaya gabansu da alli. Ga hasumiyar Gobarau can tana tsaye, garin manyan malaman da su Wali Ɗan Marna da Ɗan Masani ne, koyarwa ba baƙuwar sana'a ba ce a nan.

Yaron nan da na ba ku labari kuwa na sake haɗuwa da shi bara. Babur ɗina ne ya mutu mani wajen Ƙofar Ƙaura na tura shi zuwa wani gareji, sai ga magidanci da gemu ya taso da sauri ya durƙusa yana Malam ina wuni, Malam ba ka gane ni ba? Ya gyara babur ɗin da hannunshi, na yi na yi ya karɓi kuɗi ya ƙi, ya ce haba Malam ai kai uba ne. Na buɗe baki zan nemi gafararshi ke nan sai wayarshi ta yi ƙara, ya duba ya daɗe yana kallo, sannan ya goge hannu a riga ya miƙo mani ita da hannu biyu ya ce, "Malam dan Allah duba mani, mi aka rubuto?"